Yadda ake daidaita taswirar mai da jadawalin VE a inji mai turbo

Ƙwaƙwalwar inji, wadda makanikai ke kira birenbos, ba ta ganin iskar da ke shiga silinda. Ƙiyasta ta take yi, sannan ta auna fetur daidai da abin da ta ƙiyasta. In ƙiyasin ya kauce a motar da ba ta da turbo, abin da zai faru bai wuce shan mai ko sanyin jiki ba. In ya kauce a inji mai turbo yana tsakiyar matsi, fistin ne zai narke, kuma cikin 'yan daƙiƙu. Don haka wannan aiki na mai haƙuri ne. Wanda ke gaggawar jin mota ta fizge shi, shi ne kan koma gida da inji a buhu.

Bayanin nan ya shafi ƙwaƙwalen da ke lissafa iska daga abubuwa uku: matsin cikin manifol (bututun da ke raba wa silindoji iska), zafin iskar, da saurin juyin inji. Haka ƙwaƙwalen MegaSquirt da Speeduino ke aiki, haka ma ake yawan saita Haltech, Link da MaxxECU. Motocin da suka fito daga kamfani da sansar MAF suna auna nauyin iskar kai tsaye, su kuma ƙwaƙwalen Bosch irin ME7 da waɗanda suka biyo bayanta a kan ƙarfin murɗa, wato ƙarfin da inji ke juya shaf da shi, suke gina lissafinsu. Waɗannan hanyarsu daban ce, ko da yake tushen duka ɗaya ne.

Mene ne VE

Ɗauki injin lita 2.0 mai silinda 4. Kowace silinda tana ɗaukar cc 500. Amma duk lokacin da fistin ya sauka, ba lallai ta cika taf ba, saboda bawul yana buɗewa ne na ɗan lokaci, hanyar iska tana da lanƙwasa, kuma akwai ragowar hayaƙin da bai gama fita ba. VE shi ne kason da silinda ta cika a zahiri, idan aka kwatanta da abin da za ta ɗauka da ta cika taf da iska mai matsi da zafi irin na cikin manifol. In an ce VE 90, to kashi 90 cikin 100 ta cika.

Jadawalin VE kamar gidan dara yake. Gefe ɗaya juyin inji a minti, ɗaya gefen matsin manifol da ma'aunin kPa. Iskar sarari a bakin teku kPa 101 ce. Inji yana silo za ka ga 30 zuwa 40, saboda totur a rufe yake. Duk abin da ya haura 100 aikin turbo ne, kuma matsin turbo na bar 1 shi ne kusan kPa 200 a jadawali.

Ga kuskuren da na fi gani a wajen masu farawa. Suna ɗauka tunda turbo ya ninka iska, to lambar VE a layin 200 sai ta ninka ta layin 100. Ba haka ba ne. Ƙwaƙwalwa tana ninka lissafinta da matsin da sansar MAP, mai auna matsin manifol, ta karanto, muddin an kunna mata wannan zaɓi a saiti. Saboda haka lambobin layin 200 kusa suke da na layin 100. Wanda ya rubuta 180 a wurin, ya shaƙe inji da fetur.

Bari mu yi lissafin sau ɗaya da hannu, domin wanda ya taɓa yin sa ba ya sake ɗaukar jadawalin a matsayin tsafi. A matsin kPa 200 da zafin iska digiri 45, nauyin iska kusan giram 2.19 ne a kowace lita. Rabin lita ke nan giram 1.10. In VE 95 ne, giram 1.04 ya shiga. Muna son haɗin iska 11.8 ga fetur 1, sai mu raba, mu samu miligiram 88 na fetur. Nozul mai cc 550 a minti yana fesa kusan miligiram 6.8 a kowace milisakan, don haka zai buɗe na milisakan 13, a ƙara kusan 1 na jinkirin buɗewa, 14 ke nan. A juyi 6,000 a minti, zagaye biyun da silinda ke yi kafin ta sake shan mai milisakan 20 ne kacal. Nozul ɗin yana aiki kashi 70 cikin 100 na lokacin. A juyi 7,000 ya haura 80. Ka ga tun a takarda ka san iyakar nozul ɗinka kafin ka tayar da mota.

Jadawali biyu, aiki biyu

Wannan shi ne abin da nake so ya zauna maka fiye da komai. Jadawalin VE labarin numfashin inji ne, yana faɗin iskar da ta shiga. Jadawalin lamda kuwa shi ne wurin da kake faɗin burinka, wato yadda kake son haɗin ya kasance. In kana son ƙarin fetur a cikin matsi, a jadawalin lamda za ka nema. Kada ka kumbura VE don ka samu kauri. Ranar da ka yi haka, ka yi wa ƙwaƙwalwa ƙarya game da iska, kuma duk gyaran da take yi na zafi da na sanyi a kan ƙaryar zai hau.

Lamda 1.0 ita ce haɗin da fetur da iska ke ƙonewa ba ragowa, wato 14.7 ga 1 a tsantsar fetur. Ƙasa da 1.0 haɗi ya yi kauri, sama da haka ya tsinke, kamar dai kunu. Ni da lamda nake aiki, ba da lambar 14.7 ba, don fetur mai gaurayen etanol kashi 10 daidaitonsa kusan 14.1 ne, amma lamda 1.0 tana nan a 1.0 ko wane mai aka zuba.

Da farko, sifana da idanu

Babu manhajar da ke gyara tiyo mai yoyo. Kafin ka jona kwamfuta, auna kwamfireshan na kowace silinda, su kasance kusa da juna. Toshe bakin turbo, ka hura iska cikin bututun har zuwa matsin da kake niyyar kaiwa, ka bi kowace mahaɗa da ruwan sabulu. Duba salansa daga kan inji har zuwa inda sansar lamda take, wadda ke auna haɗi daga hayaƙi. Ƙaramin yoyo a nan yana jawo iskar waje, sansa ta ce haɗi ya tsinke alhali ƙarya ne, kai kuma ka yi ta ƙara mai.

Sa sababbin fulogi masu jure zafi, irin lamba 7 a ma'aunin NGK, ka matse bakinsu zuwa milimita 0.6 ko 0.7, don tartsatsi yana wahalar tsallakawa cikin iska mai matsi. Sannan matsin fetur. In tushensa bar 3 ne, to dole ya hau tare da matsin turbo ɗaya bisa ɗaya: turbo na bar 1, layin mai na bar 4. In famfon mai ya gaza a can sama, za ka ga haɗi yana tsinkewa, ka ƙara VE, ya sake tsinkewa, ka sake ƙarawa, har jadawalin ya yi tozo a wurin da bai kamata ba. Matsalar tana cikin tanki, kai kana neman ta a kwamfuta.

Sansar lamda ta asali da ke zuwa da yawancin tsofaffin motoci kauri ko tsinkewa kawai take iya cewa, ba ta faɗin nawa. Kana buƙatar mai faɗin awo, irin Bosch LSU 4.9 da ke cikin kayan kamfanin AEM ko Innovate. A ɗaura ta bayan turbo, da ɗan tazara, kanta ya ɗan karkato daga sama don kada ruwan da ke taruwa a salansa ya kwanta mata. Sansar MAP kuma ta iya karanta abin da ya fi matsin da kake nema. MPX4250 da ke kan allunan MegaSquirt da Speeduino da yawa iyakarta kPa 250. Sansar zafin iska a sa ta bayan intakula (mai sanyaya iskar da turbo ya matsa), kusa da totur, inda iska ke wucewa sosai.

Faɗa wa ƙwaƙwalwa gaskiya

Shigar da girman inji, yawan silinda, da girman nozul a matsin man da kake amfani da shi. Sai jinkirin buɗewar nozul, wanda mutane ke rainawa. Nozul ba ya buɗewa nan take, yana ɗaukar kusan milisakan 1, kuma jinkirin yana ƙaruwa in wutar batir ta ragu. A cikin matsi, inda ake buɗewa na milisakan 14, kuskuren 0.2 ba komai ba ne. A silo, inda ake buɗewa na ƙasa da milisakan 2, wannan kuskuren ya isa ya karkatar da haɗi da fiye da kashi 10. Nemi jadawalin jinkirin daga wanda ya ƙera nozul ɗin. Gwajinsa mai sauƙi ne: inji yana silo, kunna fitilu da fanka da duk abin da ke jan wuta. In lamda ta motsa sosai, lambobinka ba daidai ba ne.

Da safe kafin a tayar da inji, sansar zafin ruwa da ta zafin iska su nuna kusan abu ɗaya, wato zafin gari. MAP kuma ta nuna matsin sararin wurin da kake. A Legas kusan 101, a Kano wajen 96, a Jos da ke kan tudu kusan 88. Tabbatar lambar da ke fuskar agogon lamda ita ce ke bayyana a kwamfuta. Bambanci tsakaninsu yawanci daga wayar ƙasa yake.

Sai tayimin, wato lokacin da fulogi ke ba da tartsatsi. Kulle shi a digiri 10 a manhaja, ka haska fitilar tayimin a kan fuli. In ba 10 ka gani ba, gyara har su yi daidai, sannan ka ɗaga juyi zuwa 3,000 ka ga ko alamar tana nan. Kada ka tsallake wannan ko da wani ya rantse maka ya riga ya yi.

Rubuta burinka, ka kafa shinge

Ga inji mai nozul a manifol da fetur na gidan mai, wannan mafari ne mai aminci. Silo da tafiyar yau da kullum har zuwa kPa 80, lamda 1.0. A kPa 100, wajen 0.88. A 150, wajen 0.82. A 200, tsakanin 0.78 da 0.80. Ƙarin fetur ɗin nan ba don ƙarfi kawai ba ne, yana sanyaya cikin silinda yana kare fistin da turbo. Amma kauri ma yana da iyaka. In ka gangara wajen 0.70, ƙarfi zai ragu, fulogi su yi baƙi, fetur ya riƙa wanke man da ke jikin silinda.

Tayimin na cikin matsi a fara shi da baya sosai. Ma'aunin da aka saba farawa da shi shi ne a rage kusan digiri 1 a kan kowace kPa 7 da ta haura 100. Mafari ne kawai, kuma ni na fi son in fara da ƙasa da haka, musamman da yake ba kullum mutum ke da tabbacin ingancin fetur ɗin da ya sha ba. Ana gama mai tukuna, sannan a dawo kan tayimin.

Cire duk na'urar ƙara matsi, ka bar turbo a kan sifirin ɗin wesget (bawul ɗin da ke iyakance matsin turbo) kaɗai, mafi ƙarancin matsin da zai iya bayarwa. Saita yanke mai in matsi ya wuce burinka da kPa 15 ko 20. In ƙwaƙwalwarka tana da kariyar tsinkewar haɗi, kunna ta. Sannan ka kashe abubuwan da ke ɓoye gaskiya: gyaran kai-da-kai da ƙwaƙwalwa ke yi daga sansar lamda, da yanke mai lokacin sakin totur. Ƙarin man taka totur kuma a rage shi iya yadda mota za ta iya tafiya. Kada ka taɓa VE sai ruwa ya haura digiri 80 kuma ƙarin man ɗumama inji ya koma sifili.

Daga silo zuwa 100

Lissafin gyara guda ɗaya ne daga farko har ƙarshe: sabon VE shi ne tsohon VE sau lamdar da ka gani, a raba da lamdar da kake so. Gurbi yana da 80, ka ga 0.88, kana son 0.80, sabuwar lamba 88 ke nan.

Fara da silo. Gyara guraben da inji ke zaune a kai da na kewayensu, don ƙwaƙwalwa tana haɗa gurabe huɗu mafi kusa ne ta fitar da matsakaici. Saboda wannan, duk inda kake aiki, yi ƙoƙarin tsayar da inji a tsakiyar gurbi kafin ka yarda da abin da sansa ta ce. Daga nan ɗaga juyi ba tare da giya ba, 1,500, 2,000, 2,500, 3,000, kana tsayawa daƙiƙu kaɗan a kowanne.

Wurin da ya fi dacewa da sauran aikin shi ne kan daino, na'urar da ke riƙe tayoyi a juyi ɗaya komai yadda ka taka totur, sai ka bi gurabe ɗaya bayan ɗaya daga ƙasa zuwa sama. In babu, sai fili ko hanyar da aka rufe, mutum biyu: ɗaya yana tuƙi, ɗaya yana riƙe da kwamfuta. Direba idonsa a hanya. Wannan ba abin sasantawa ba ne, rai ya fi kowane inji.

A giya ta 3 ko ta 4, direba ya riƙe totur cak, ya riƙa ƙarawa a hankali kamar mai zuba mai a kwalba. Ɗan taka birki da ƙafar hagu ko hawa tudu yana taimakawa a kai guraben da ke da nauyi a ƙaramin juyi. Ɗauki rikodin komai. Manhajar TunerStudio tana da sashen da ke gyara VE da kansa yayin tafiya, manhajar MegaLogViewer kuma tana yin haka daga rikodi. A wannan yanki na ƙasa da 100 suna rage wahala ƙwarai, in ka tace musu bayanai: su watsar da lokacin da totur ke motsi da sauri, da lokacin da inji bai yi zafi ba. Ka tuna kuma sansa tana makara. Hayaƙi sai ya yi tafiya kafin ya iso ta, kuma a ƙaramin juyi makarar tana iya kai rabin daƙiƙa.

Bayan kowane zagaye, buɗe hoton jadawalin mai tudu da kwari ka dube shi. Numfashin inji ba ya tsalle. Yana hawa a hankali zuwa inda ƙarfin murɗa ya fi yawa, sannan ya gangara. In ka ga gurbi ɗaya ya yi tsini tsakanin maƙwabtansa, 62, 64, 79, 67, wannan 79 ɗin ba numfashi ba ne, wani abu ne ya ruɗi awo. Daidaita shi da hannu. Guraben da mota ba ta taɓa shiga ba kuma ka cike su bisa yadda maƙwabtansu suka nufa.

Shiga matsi

A nan nake kashe gyaran atomatik, in koma hannu da ido. Ɗauki layin 100 da ka gama, ka kwafa shi zuwa layukan sama, kana ƙara kashi 3 zuwa 5 a kowane layi, don ka shiga da kauri ka riƙa ragewa. Daga kauri ake gangarowa zuwa daidai, ba a hawowa daga tsinkewa.

Ja na farko gajere ne. A giya ta 3, daga juyi 2,000, taka totur har turbo ya fara turawa, ka saki a 3,500. Tsaya ka karanta rikodi: lamda da burinta, matsi, zafin iska, kason aikin nozul, matsin mai in kana da sansarsa. Gyara, ka sake ja zuwa 4,000. Haka za ka riƙa ƙara 500 har ka kai ƙarshen juyi. Wanda ke riƙe da kwamfuta idonsa a kan lamda, kuma ku yi yarjejeniya tun farko: in ta haura 0.86 a cikin cikakken matsi, kalma ɗaya zai faɗa, direba ya ɗage ƙafa. Tsakanin ja da ja a yi tafiya a hankali na minti biyu ko uku don intakula ta huce.

Kunne kuma yana kan ƙwanƙwasa, wato fashewar da haɗi ke yi da kansa bayan tartsatsi, mai ƙara kamar an watsa tsakuwa a kwano. Ita ce ke fasa gefen fistin, ta cinye gasket, ta kai inji ga bugawa. Cikin ƙarar salansa ba lallai ka ji ta ba, shi ya sa ake ɗaura abin saurare a jikin bulo a sa a kunne. In ka ji ta, saki totur, rage tayimin digiri 2 ko 3 a wannan yanki. Ta fi son wurin da matsi ya fara cika, inda ƙarfin murɗa ke ƙololuwa. Kada ka yi ƙoƙarin kashe ta da tulin fetur alhali tayimin ne ya yi yawa.

Akwai tarko ɗaya da ya kamata ka sani. In fulogi ya kasa kunna haɗi, iskar da ba ta ƙone ba tana fita salansa, sansa ta ga oksijin ta ce haɗi ya tsinke. Alamarsa a rikodi tsini ne mai kaifi da ke zuwa tare da ɗan shaƙewar inji. Maganinsa matse bakin fulogi ko duba kwayil, ba ƙarin mai ba.

Abin da za ka gani a can ƙarshen juyi yana ba da labarin kayan da ke jikin motar. In VE yana faɗuwa da sauri bayan 5,500, sau da yawa turbo ne ya yi ƙanƙanta, hayaƙi yana taruwa a bayansa yana hana silinda fitar da numfashi. In kuwa kana ta ƙara VE har ya wuce 115 ko 120 kuma haɗi bai yi kauri ba, tsaya. Ko famfon mai ya gaza, ko nozul ya kai iyaka, ko girman nozul da ka shigar ba daidai ba ne. Kason aikin nozul kada ya wuce 85.

Sai layin matsin sifirin ɗin wesget ya zauna daram, lamda tana bin burinta da bambancin da bai wuce 0.02 ba, sannan ka ƙara matsi da kPa 15 ko 20, ka maimaita komai daga gajeren ja.

Zafi, da abin da ya rage

Iska mai digiri 45 ta fi mai digiri 15 sauƙi da kusan kashi 10. Ƙwaƙwalwa ta san wannan, tana rage mai da kanta. Inda matsala take shi ne lokacin da sansar ce ta yi zafi, ba iskar ba. Ka tsaya a cunkoso, ko ka kashe mota minti goma ka sake tayarwa, ƙarfen da sansa ke jiki ya gasa ta, ta ce digiri 70, ƙwaƙwalwa ta rage mai, silo ya tsinke ya fara rawa. Kada ka taɓa VE a wannan hali. Gyaran yana cikin jadawalin zafin iska, ko a sauya wa sansar mazauni. A can cikin matsi kuma, sa ƙwaƙwalwa ta riƙa janye tayimin in zafin iska ya haura digiri 50 ko 55. Motar da aka saita da sanyin safiyar hunturu ba a gama da ita ba sai an sake ɗaukar rikodinta da tsakar ranar Afrilu, lokacin da gari ke haura digiri 40.

Yanzu ne lokacin ƙarin man taka totur. Daga silo da kuma a tafiya, taka da sauri ka duba rikodi. In lamda ta yi tsalle sama mota ta yi jim, ƙara. In ta nutse ƙasa da baƙin hayaƙi, rage. Ƙarin man ɗumama inji kuma sau ɗaya kawai ake iya gwada shi a rana, da safe, don haka zai ɗauke ka kwanaki.

Daga ƙarshe mayar da yanke mai na sakin totur, ka kunna gyaran kai-da-kai, amma ka taƙaita ikonsa zuwa kashi 5 ko 10. Yi tafiyar rabin awa ka duba nawa yake gyarawa. In yana yawo tsakanin kashi 3 sama da ƙasa, jadawalinka ya yi kyau. In a wani yanki kullum kashi 8 yake ƙarawa, koma wurin ka gyara VE ɗin. Cire fulogi ka duba farin jikinsu. Ɗigo-ɗigo baƙi ko masu ƙyalli kamar barbaɗin ƙarfe alamar ƙwanƙwasa ce da kunne bai kama ba. Adana fayil ɗin da kwanan wata, da matsin da aka kai, da irin man da ke tanki ranar, ka ajiye kwafi a wani wuri daban da kwamfutar da kake shiga mota da ita.